AYU DA KIFIN ANNABI YUNUSA: DUKIYAR RUWA DA AKE CI BA TARE DA AN KASHE BA

Mutumin Mubi ba shi da wani dalilin da zai sa ya damu da labarin teku. Tsakanin garin da bakin gishiri mafi kusa, ko ta Kalaba ko ta Duwala, akwai kusan kilomita 800 a miƙe. Ruwan da ya sani shi ne Kogin Yedzaram, wanda ke gangarowa daga duwatsun kan iyakar Kamaru ya ratsa garin ya nufi arewa wajen Bama, da damina ya cika ya yi ɓarna, da rani kuwa ya koma rairayi. Amma akwai wata sana'a da mutanen bakin teku suka ƙirƙiro a cikin shekaru 70 da suka wuce, wadda darasinta ya shafi Jihar Adamawa fiye da yadda ake zato. Sana'ar kuwa ita ce kai baƙi su kalli dabbar ruwa tana raye, su biya kuɗi, su koma gida, dabbar kuma ta ci gaba da harkarta.

Dabbar da ake zuwa kallo ita ce wadda Hausawa suke kira kifin Annabi Yunusa, Larabawa su ce hut, Turawan Ingila kuma su ce wel. Sunan kifi ne kawai ya bi ta, amma ba kifi ba ce. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono, kuma da huhu take numfashi, saboda haka tilas ta riƙa tasowa saman ruwa tana fesar da iska ta wata kafa da ke tsakar kanta. Mafi girma a cikin jinsinta, watau shuɗiyar, takan kai tsawon mita 30, babu wata dabba a doron ƙasa ko a ruwa da ta kai ta. Wadda ta fi zuwa tekun Afirka ta Yamma ita ce mai doro, tsawonta wajen mita 15, nauyinta kuma yakan kai tan 30. Kowace shekara takan baro ruwan sanyi na can ƙarshen kudancin duniya inda take kiwo, ta yi tafiyar dubban kilomitoci, ta zo gaɓar Gabon da Benin da Togo da Nijeriya daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba domin barbara da haihuwa a ruwa mai ɗumi.

DAGA MASHI ZUWA KALLO

A da, abin da ke jiranta a wannan tafiya mashi ne. Turawa sun daɗe suna farautarta saboda kitsenta, wanda suke narkarwa su yi man fitila da sabulu da man girki. Da aka sami jiragen ruwa masu inji da bindigar harba mashi, sai kisan ya wuce hankali. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai an kashe kusan miliyan 3. A Gabon ma an kafa mahauta a Kap Lopez, kusa da Fatakwal ɗin ƙasar, watau Port-Gentil, inda aka riƙa yi ana dainawa daga 1912 har zuwa 1959. An kafa hukumar duniya mai kula da wannan farauta a 1946, amma sai a 1982 ta yanke shawarar dakatar da farautar kasuwanci, dokar kuma ta fara aiki a 1986. Har yanzu akwai masu kunnen ƙashi. Norwe ba ta taɓa yarda da dokar ba, Japan kuwa ta fice daga hukumar a 2019 ta koma farauta a ruwanta.

Ana cikin wannan kisa ne wani masunci a San Diyego ta Amurka ya fara ɗaukar mutane a jirginsa a 1955, kowa ya biya dala ɗaya, ya kai su su ga dabbobin suna wucewa. Abin da aka ɗauka wasa ne ya zama babbar sana'a. Wani bincike da aka fitar a 2009 ya nuna cewa a shekarar 2008 mutum miliyan 13 ne suka fita wannan kallo a ƙasashe da yankuna 119, kuɗin da suka kashe kuma ya haura dala biliyan 2. Lissafin ba shi da wuya. Dabbar da aka kashe sau ɗaya ake sayar da ita, wadda aka bari kuwa takan dawo baɗi da ɗanta, a sake karɓar kuɗi a kanta, kuma tana iya yin shekaru 50 tana dawowa.

Ba ko'ina ake ganinsu ba. Uwar da ke da jariri takan nemi lungun teku, inda ƙasa ta yi ƙawanya ta kare ruwan daga manyan igiyoyi. Irin waɗannan lunguna su ne suka yi suna: na Samana a Jamhuriyar Dominika, na Antongil a Madagaska, na San Ignasiyo a Meziko, da na Woka a Afirka ta Kudu. A gaɓar wannan na ƙarshe ne garin Hermanus yake, kimanin kilomita 120 daga Kef Taun, kuma a can mutum ba ya ma bukatar jirgi, daga kan dutse yake zaune yana kallo daga watan Yuni har zuwa ƙarshen shekara. Tun 1992 garin ya ɗauki ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne ya zaga yana busa ƙaho idan an hango dabbar, kamar dai yadda sankira yake shela a ƙofar fada. Dokar ƙasar ta hana kowane jirgi matsawa kusa da ita fiye da mita 300 sai da takardar izini.

KWALEKWALE MAI ZANE

A irin waɗannan lunguna masu kwanciyar ruwa ne kuma ake koyon tuƙin ƙaramin kwalekwale mai zane, wanda iska kaɗai ke turawa. Sanda ce ake kafawa a tsakiyarsa a ɗaura mata zane mai ƙarfi, a baya kuma a sa katakon juya akala. Abin da ya bambanta shi da kwalekwalen masunta shi ne wani allo da ake zurawa ta cikinsa ya leƙa ƙarƙashin ruwa. Allon nan ne ke hana iska ta kwashe shi a kaikaice, saboda haka matuƙi yana iya nufar inda iskar take fitowa, ba kai tsaye ba, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu kamar mai hawan dutse da jaki. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne Optimist, wanda Clark Mills ya zana a Fulorida a 1947 domin yara, tsawonsa bai wuce mita 2 da ɗan ɗoriya ba, kuma da falankin katako kowane kafinta zai iya haɗa shi. Akwai kuma Mirror, wanda jaridar Daily Mirror ta Ingila ta ɗauki nauyin fito da shi a farkon shekarun 1960 domin talaka ya saya ya haɗa a gida. A Ikko akwai kulob ɗin masu wannan wasa tun 1932, ko da yake ya fi zama na Turawa da masu hali.

Zanen iska ba baƙon abu ba ne a kogunan Afirka ta Yamma. Masuntan Bozo da ke wajen Mopti a Mali sukan ɗinka buhunan shinkafa su kafa a kwalekwale, iska ta kai su inda za su ba tare da sun sayi ko kofin man fetur ba. Sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka cewa da irin wannan ɗan kwalekwale ake bin kifin Annabi Yunusa. A watan Yuli na 2010, a gaban Kef Taun, wata ta yi tsalle ta faɗo a kan jirgin zane mai tsawon mita 10, ta karya sandarsa, mutum biyun da ke ciki Allah ne ya yi da sauran kwanansu. Amfanin kwalekwale mai zane a wannan magana ɗaya ne, shi ne shirunsa, kuma shirun nan ya fi amfani a kogi fiye da teku.

AYUN BINUWAI

Adamawa tana da tata dabbar ruwan, kuma Turawa sun ji labarinta tun kafin a san za a yi wata ƙasa Nijeriya. A watan Yuni na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, bayan ya taso daga Kukawa, ya bi ta Uba da Mubi, ya isa gaɓar Binuwai a mahaɗarsa da Kogin Faro ran 18 ga watan, sannan ya shiga Yola, inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. A cikin littafin tafiyarsa ya ambaci ayu da sunan da mutanen ƙasar suke kiransa. Abokin aikinsa Eduard Vogel, wanda ya kai Binuwai a 1855, ya aika da bayanin dabbar zuwa Turai, har masanin dabbobin nan na Ingila, Richard Owen, ya raɗa mata sunan Vogel a 1856, shekarar da aka kashe shi a Wadai. Daga baya aka gane cewa jinsi ɗaya ne da ayun Kogin Senegal wanda aka riga aka rubuta tun 1795.

Ayu ma ba kifi ba ne. Yana numfashi da huhu, yana shayarwa, kuma masana sun ce a cikin dabbobin tudu giwa ce 'yar uwarsa mafi kusa. Babba yakan kai mita 3 ko fiye, nauyinsa ya haura kilo 300. Abincinsa ciyawar ruwa ce da ganyayen da suka sunkuyo daga gaɓa, ko da yake yakan taɓa dodon koɗi, wani lokaci kuma ya ci kifin da ya maƙale a raga, abin da ke haɗa shi faɗa da masunta. Ba shi da ƙaho, ba shi da farcen faɗa, ba ya cizo. Nonon macen yana kusa da hammata, kuma wannan ne ya sa labarai suka yi yawa a kansa cewa rabinsa mace ce rabinsa kifi. Macen takan ɗauki ciki na wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tal, ta yi renonsa na tsawon lokaci kafin ta sake ɗaukar wani. A nan ne matsalar take. Tarwaɗa tana zuba dubban ƙwai, ko an kwashe ta bana baɗi za ta cika tafki. Ayu kuwa idan aka kashe uwa biyar a gulbi ɗaya, an gama da gulbin na shekaru masu yawa.

Kuma ana kashewa. Ana sukarsa da zago, ana kafa masa tarko da rogo, yana kuma faɗawa ragar da ba dominsa aka shimfiɗa ba. Namansa yana da yawa, amma abin da ya fi jawo masa mutuwa shi ne mansa. Duk wanda ya san kasuwannin Arewa ya san mai tallar man ayu, ya kuma san abin da ake cewa yana yi wa ma'aurata. Babu wani binciken likitoci da ya tabbatar da wannan da'awa. Har ila yau, mai hankali zai tambayi kansa ayu nawa ne a kogunan ƙasar nan da za su cika kwalaben da ake sayarwa daga Sakkwato zuwa Mubi, da waɗanda ake tallatawa a waya. Mafi yawan masu saye ana cutarsu ne, kaɗan ɗin da suka sami na gaskiya kuwa su ne suke biyan kuɗin zagon da za a soki na gaba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, ta sa ayu cikin dabbobin da aka haramta farautarsu da cinikinsu, an kuma yi wa dokar gyara a 2016 aka ƙara tara. A 2013, a taron Bankok, ƙasashen duniya suka ɗaga ayun Afirka zuwa sahun farko na dabbobin da ba a yarda a yi fataucinsu tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Tun kafin wannan, a 1972, an keɓe dajin Pandam da tafkinsa, a inda yake Jihar Filato a yau, kuma kare ayu yana cikin dalilan keɓe shi. Amma takarda tana Abuja, gulbi yana ƙauye, mafaraucin da ya fita da dare kuwa ba ya cin karo da kowa.

Abu na biyu da ya dame shi shi ne madatsun ruwa. An gama madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, a shekarar kuma aka gama ta Kiri a kan Kogin Gongola domin gonar raken Numan. Ayu dabba ce mai bin ruwa: da damina ya shiga fadamu da tafkuna ya yi kiwo, ruwa ya fara janyewa ya koma uwar kogi. Madatsa takan raba garke biyu, na sama ba ya sake haɗuwa da na ƙasa. Takan kuma sauya lokacin cika da janyewar kogin, ta yadda ruwa kan ja da sauri ya bar dabbar a ɗan kududdufi inda yaro ma zai gan ta. Jama'ar Adamawa sun san Lagdo ta fuskar ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta cinye gidaje da gonaki da rayuka. Ɓarnar da take yi wa abin da ke cikin ruwan ba ta da mai kai ƙara.

TAFKIN LERE

Abin mamaki shi ne, wurin da ya fi shahara da ayu a wannan yanki ya fi Yola kusa da Mubi idan aka auna a miƙe. Tafkin Lere ne, a kudu maso yammacin Chadi, ƙasar Mundang, kimanin kilomita 125 daga Mubi, a bayan Gidar da Figil na Kamaru. Kogin Mayo Kebbi ne ya ratsa shi da ƙaninsa Tafkin Tirene, sannan ya gangara ya faɗa Binuwai gabas da Garwa. Gwamnatin Chadi ta keɓe yankin Binder da Lere tun 1974, kuma ayu yana cikin manyan dalilan. Fataken shanu da na hatsi da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Mubi da arewacin Kamaru sun san hanyar, amma ɗaliban kimiyyar dabbobi na wannan gefen iyaka ba su cika sanin abin da ke wancan gefen ba.

A kudancin Kamaru kuma akwai Tafkin Osa, kusa da Edeya, inda wani masani ɗan ƙasar, Dokta Aristide Takoukam Kamla, ya kafa ƙungiyar kare dabbobin ruwa masu shayarwa. Dabararsa ita ce ya jawo masunta cikin aikin maimakon ya tsaya yi musu barazana da gidan yari. An ba su manhaja a waya wadda suke aika hoto da wurin duk dabbar da suka gani, an koya wa waɗansu kai baƙi yawo a tafkin, an kuma yi yaƙi da wata baƙuwar ciyawa da ta rufe fuskar ruwan ta hanyar sakin ƙwaron da ke cinta. A 2024 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Landan saboda wannan aiki.

To, ko za a iya yin haka a Binuwai? Gaskiya ɗaya ce, ayu ba zai taɓa kawo kuɗin da kifin Annabi Yunusa yake kawowa ba. Wancan yana tsalle sama ya faɗo ya tayar da ruwa kamar gini ya rushe, wannan kuwa hancinsa kaɗai yake fitarwa, ya shaƙi iska ya nutse. A Fulorida, inda dubban mutane ke zuwa Kogin Kiristal kallon ɗan uwansa, ruwan garau yake kamar na randa, na Binuwai kuwa ja ne da laka. Ga kuma maganar tsaro. Ba a manta da yadda 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi a watan Oktoba na 2014 ba kafin a fatattake su a watan Nuwamba, kuma baƙo daga nesa ba ya kai kansa inda yake jin tsoro. Duk wanda ya ce Turawa za su cika Numan da daloli saboda ayu, romon baka yake yi wa jama'a.

Amma baƙon da ya kamata a fara nema ba Bature ba ne. Yaran makarantun Mubi da Hong da Gombi da Song, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga kwalekwale ba, su ne baƙin farko. Tafkin Kiri yana da dorina da tsuntsaye, Tafkin Geriyo yana bakin Jimeta, kuma bikin kamun kifi na Njuwa ya nuna cewa mutane suna son taruwa a bakin ruwa. A nan ne kwalekwale marar inji yake da ranarsa. A Fulorida farfelar jirage masu gudu tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ayu, har masana suna gane kowane ɗaya da tabon da ke bayansa. Ƙarar inji tana korarsa tun daga nesa, alhali gora da filafili da zane ba sa tayar da shi. Iskar damina ma daga kudu maso yamma take busowa, watau tana tura mai zane ya hau kogin a daidai lokacin da ruwa ya cika. Kafintan da ya iya ƙofa da gado zai iya haɗa irin na Clark Mills idan aka ba shi zanen aikin.

Kafin a kai ga wannan, akwai aikin da ya riga shi, shi ne ƙidaya. Ba a tsare abin da ba a san yawansa ba. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1982, tana da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, Yola kuma tana da Jami'ar Modibbo Adama. Masuntan Bachama da Bata da Jukun da Hausawa da ke zaune a gaɓar kogin daga kan iyakar Kamaru zuwa Numan sun san gulbin da ayu yake kwana, sun san ciyawar da ya tsinka da dare, sun san watan da yake shiga fadama. Mafi dacewar lokacin fita shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja ƙwarai, dabbobin suka taru a 'yan wurare masu zurfi. A lokacin ne mai zago yake samunsu cikin sauƙi, a lokacin ne kuma ɗalibi da littafinsa da wayarsa zai iya zama a kwalekwalen masunci ya ƙirga hancin da ke fitowa da asuba.